Yadda aka shigar da birnina cikin duniyar ƙungiyar wasanmu

Duk wanda ya shiga ƙungiyar wasan shiga rigar wani da niyyar kafa garinsa a cikin duniyar da suke wasa, akwai matakan da zai bi, kuma ba kowace ƙungiya ce ke zaunar da baƙo ta jera masa su ba. Ni sai da na kwashe kusan wata shida, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Maris, kafin a buga wa birnina hatimi, rabin lokacin kuwa rashin sani ne ya cinye shi. Ƙungiyar ta ɗalibai ce a wata jami'a da ke arewacin Ingila, wasan kuma Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum huɗu zuwa shida ne ke zama a tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda, ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke jakarsa duk a rubuce da lambobi. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke faɗin abin da ke gabansu kamar mai tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro ne ke cewa ga abin da za su yi. In abin da mutum ya ce zai yi yana iya yiwuwa yana iya faskara, sai ya jefa ƙwaya irin ta lido mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambar da ke takardarsa. Ba a zuba kuɗi, ba mai ci ba wanda ake cinyewa. Mai shakka kan hukuncin jefa ƙwaya ya tambayi malaminsa tun kafin ya fara.

Matakin farko shi ne rajista. A makon shigowar sababbin ɗalibai kowace ƙungiya na kafa tebur a babban zaure, nan na rubuta sunana, aka ce in zo wasan ɗanɗano ranar Laraba da yamma, don yawancin jami'o'in ƙasar suna barin yammacin Laraba ga wasanni da ƙungiyoyi. Wasan ɗanɗano kyauta ne, za a miƙo maka jarumi da aka riga aka shirya, a ara maka ƙwayoyi. Bayan shi na biya fam 5 kuɗin shekara ta shafin ƙungiyar ɗalibai, na sayi ƙwayoyi guda bakwai a fam 6: mai fuska 4, mai 6, mai 8, biyu masu 10, mai 12 da mai 20. Littafin dokoki ban saya ba, akwai kwafi uku a kabad ɗin ƙungiya, ainihin dokokin kuma kamfanin da ke da wasan, Wizards of the Coast, ya sake su kyauta a intanet. Tambayar da ya kamata in yi a ranar ban yi ba ita ce wane bugu suke bi, domin akwai na 2014 akwai sabon na 2024, kuma wasu lambobi sun bambanta. Tamu tana kan na 2014, duk lissafin da zan kawo a nan nasa ne. A ranar ne kuma na fahimci tsarinsu: jagorori shida, 'yan wasa kusan 40, duniya ɗaya. Babu tebur na dindindin. Jagora zai sanar a manhajar hira ta Discord cewa ranar kaza zai kai mutum biyar wuri kaza, wanda ya riga sa suna shi ke zuwa. Wannan salon ana ce masa West Marches, Ben Robbins ne ya bayyana shi a 2007. Ma'anarsa ita ce gadar da teburin Laraba ya karya, teburin Asabar zai tarar da ita a karye.

Mako biyu bayan haka aka kira zaman share fage, wanda ba a wasa a cikinsa, magana ce zalla ta awa biyu. Wanda bai halarta ba ba ya da damar ƙara ko bishiya ɗaya a taswira, kuma sau biyu kawai ake yinsa a shekara, Oktoba da Fabrairu, don haka kada ka kuskura ya wuce ka. An raba allo gida biyu. Ɓangare ɗaya na abubuwan da ba za su taɓa shiga labari ba, ɗayan na abubuwan da ana iya ambatarsu amma a bayan labule, ba a bayyana su dalla-dalla. Kowa ya rubuta nasa a 'yar takarda ba suna, aka zuba a kwali, shugabar ƙungiya ta karanta ɗaya bayan ɗaya, ba a tambayi kowa dalili ba. Ni na rubuta cewa kada a shigo da sunan wani addini da mutane ke bi a yau, ko annabawansa, ko littafinsa. Ashe yana cikin jerin tun shekarun baya. An kuma nuna mana katin da ake ajiyewa tsakiyar tebur mai alamar X, dabarar John Stavropoulos: duk wanda labari ya kai inda ba ya so sai ya taɓa katin, jagora ya canza hanya. A nan na nemi hutun minti goma na salla a tsakiyar wasa, aka rubuta shi cikin ƙa'idar zama ba tare da wata muhawara ba.

Daga nan sai jira na farko. Doka ta ce sai ka buga wasa huɗu a ƙarƙashin aƙalla jagorori biyu kafin ka miƙa shawarar sabon wuri. Da yake gurbi yana cikewa cikin minti kaɗan da sanarwa, wasa huɗun nan sun ɗauke ni mako biyar. Na ji haushin wannan sharaɗi a lokacin, yanzu kuwa ni ma da shi zan tsaya, don a tebur ne kake gane irin abin da mutanen nan ke bi da irin abin da suke tsallakewa. A cikin makonnin ake so ka karanta kundin duniya, wani rumbun shafuka a intanet da ya haura 200, wanda ɗalibai suka yi ta tarawa shekara da shekaru. Kada ka ce za ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Karanta shafin tarihi, da shafin taswira, da shafukan ƙasashen da ke maƙwabtaka da inda kake hari. Abu mafi muhimmanci a ciki shi ne matakan gaskiya guda uku. Na sama shi ne abin da ya faru a tebur a gaban shaidu. Na tsakiya shi ne abin da aka rubuta a kundi amma ba a kai gare shi a wasa ba tukuna. Na ƙasa shi ne "an ce", wato jita-jitar da kowa ke da 'yancin rubutawa ba izini, tana iya zama gaskiya tana iya zama ƙarya. In biyu suka ci karo, na sama ke kayar da na ƙasa. Na karanta wannan layin, na wuce shi kamar ban gani ba, sai a watan Afrilu ya dawo ya same ni.

Tsakiyar Nuwamba na miƙa shawarata. Abin da nake so shi ne birni mai ganuwa a bakin hamada, Birnin Kantu, wanda ke rayuwa da fataucin gishiri, da madugu da jagaba da zango da marina, da wuri a matsayin kuɗi. Na ɗauko ƙashin bayansa daga ayarin gishirin da ke tashi daga Agadas ya keta Tenere ta Fashi zuwa Bilma, da abin da aka sani na kasuwar Kano a ƙarni na 19. Na rubuta shafi 14, har da jerin sarakuna goma sha ɗaya da shekarun mulkinsu. Kwana biyu aka dawo mini da shi ba a karanta ba. Ashe akwai fom, shafi ɗaya tak, a ƙasan shafin dokokin kundi. Abin da yake nema: sunan wuri da yadda ake furta shi, inda yake a taswira, bayani cikin kalma 150, mutum uku da baƙo zai iya haɗuwa da su da abin da kowannensu ke so, matsala biyu da ba a warware ba, abu ɗaya da wurin ke bayarwa, abu ɗaya da yake buƙata daga maƙwabta. Babu gurbin tarihi ko kaɗan. Mai kula da kundi ta ce mini, "Ɗan'uwa, sarakunanka goma sun mutu, ba wanda zai yi ciniki da su. Ba mu mai rai ɗin, ka gaya mana wa yake bin sa bashi." Na matse shafi 14 zuwa ɗaya cikin dare biyu, ran nan ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Kwamitin kundi mutum uku ne: mai taswira, mai dokoki, mai kundi. Sun ce sun kwaikwayi tsarin ne daga Living Greyhawk, gagarumin wasan haɗin gwiwa da aka yi daga 2000 zuwa 2008, inda aka raba wa yankunan duniyarmu ƙasashen duniyar wasan, kowane yanki mutum uku ke riƙe da shi. Kowannensu sai ka zauna da shi daban, kuma a jere. Mai taswira ya ba ni rabin awa a ɗakin karatu, ya shimfiɗa takardar da aka zana da gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Kowane gida mil 6 ne. Tafiyar yini a dokar wasa mil 24 ce, wato gida huɗu. Ni kuma na rubuta cewa hamadata tafiyar kwana 20 ce. Ya ɗauki biro ya buga: mil 480, gida 80. Taswirar ƙungiya gaba ɗayanta gida 60 ce daga gabas zuwa yamma. Rabon sabon shiga kuwa gida bakwai ne, ɗaya a tsakiya shida kewaye da shi, abin da mai tafiya zai ratsa kafin la'asar. Mafitar da muka samu ita ce a kai birnin can bakin taswira ta kudu maso gabas, inda ba kowa, a ba ni gida bakwai ɗina, a ƙara mini zirin hanya mai gida goma. Dokar wasa ta ce ƙasa mai wuyar tafiya tana raba saurin matafiyi biyu, saboda haka mil 60 cikin rairayi ya zama kwana biyar. Sauran hamadar ta faɗa wajen takarda, ba a zana ta ba, sunayen rijiyoyi kawai aka jera. Da na san ma'aunin tun farko da na tsallake wannan zaman cikin minti biyar.

Zama da mai dokoki shi ne ya fi zafi, kuma shi ya fi amfani. Duk labarin birnin a kan ƙishirwa na gina shi: mai rijiya shi ne mai iko. Ta buɗe littafi ta nuna mini cewa jarumi yana buƙatar galan ɗaya na ruwa a yini, biyu in ana zafi. Mutum biyar a hamada, galan goma ke nan. Sai ta juya zuwa wani sihiri na matakin farko, wanda jarumi sabon fitowa ma yana iya yinsa, mai samar da ruwa galan goma daidai. Wani sihirin na matakin farko yana fitar da 'ya'yan itace goma, kowane ɗaya ya ƙosar da mutum yini guda. Wato da ƙishirwar da yunwar, mutum ɗaya zai kashe su kafin a gama ɗaure wa raƙuma kaya. Na ce to a hana waɗannan sihirin aiki a ƙasata. Ta ce a'a, kuma wannan ita ce doka mafi tsauri a ƙungiyar: mai wuri yana da ikon ƙirƙirar mutane da al'ada da hukunci, amma ba ya taɓa abin da ke rubuce a takardar jarumin wani, domin jarumin nan gobe yana teburin wani jagoran, kuma mai shi ya zaɓi sihirin ne bisa amanar cewa zai yi aiki ko'ina. Abin da aka yarda da shi shi ne a sa wa abin sakamako a cikin labari. Sai muka ƙirƙiro kuɗin guga: a Birnin Kantu duk wanda ya samar da ruwa ba daga rijiya ba, ya ci haƙƙin masu rijiya, zai biya tara, in ya ƙi a hana shi sauka a kowane zango. Muka kuma ƙara girman ayari zuwa mutum 40, masu buƙatar galan 80 a yini ban da dabbobi, abin da ƙaramin mai sihiri ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Sihirin yana nan yana aiki, sai dai yanzu mai shi zai zaɓi wa zai shayar, wa zai bari, kuma wa zai gan shi yana yi. Wannan ya fi haramcin da na nema daɗin wasa nesa ba kusa ba.

Ba mu tashi ba sai da ta taɓo gishirin. A jerin farashin littafin, laba ɗaya ta gishiri tagulla 5 ce, tagulla 100 kuma su ne zinare ɗaya. Raƙumi yana ɗaukar laba 480, kuɗinsa zinare 50. Kayan raƙumi guda ke nan zinare 24, bai kai rabin kuɗin dabbar ba, to wane mahaukacin falke ne zai shiga hamada saboda wannan? Na ce sai mu ninka farashin sau goma a birnina. Ta yi dariya ta ce an taɓa yin haka da barkono, 'yan wasa suka daina farautar dodanni suka koma saro kaya a wani gari suna sayarwa a wani, cikin wata ɗaya suka sayi jirgin ruwa. Tun daga nan farashin abin da ke cikin jeri ba ya wuce ninki biyu ko ya gaza rabi a ko'ina. Hanyar da ta rage ita ce sabon kaya da babu shi a jeri. Muka sa jar kanwa wadda ba a samunta sai a tafkunan bayan rijiya ta bakwai, laba ɗaya azurfa 2 (azurfa 10 ne zinare ɗaya), kayan raƙumi zinare 96, a cire ushiri a ƙofar gari. Riba ce mai kyau amma ba ta sayen jirgi. Wuri kuwa bai ba da wahala ba. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a wuri 2,500, ni kuma na sauƙaƙa lissafi na ce zinare ɗaya wuri 1,000, keso mai wuri 20,000 ya zama zinare 20. An amince saboda ɗan wasa zai ci gaba da rubuta zinare a takardarsa, wurin a bakin jagora kawai yake, da kuma nauyin buhun da za a sa wani ya ɗauka.

Saura izinin maƙwabta. Fom ɗin ya ce birnina yana buƙatar hatsi daga ƙasar da ke arewa da shi, to dole mai wannan ƙasa ya sa hannu, don na ɗora wa manomansa kasuwar da bai roƙa ba. Na tura masa saƙo a makon farko na Disamba, ya tafi hutun Kirsimeti, Janairu kuma jarrabawa ce, ƙungiya a rufe. Mako bakwai ina jira. Sai daga baya na ga wani layi a dokokin da ya ce in maƙwabci bai amsa ba cikin kwana 14, kana iya kai wa kwamiti su sa hannu a madadinsa. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba. Da ya dawo ya amince cikin minti biyu, ya ma roƙi a bar wani ɗan sarkinsa da aka kora ya ɓuya a zangona.

Zama na uku, da mai kundi, na rabon launi ne. Kowane abu a shafinka sai an sa masa ɗaya daga cikin uku. Kore yana nufin kowane jagora yana iya yin abin da ya ga dama da shi. Ruwan ɗorawa yana nufin sai an tambaye ka. Ja yana nufin a kulle yake, ba mai taɓawa. Ja guda uku kacal ake ba mutum, ruwan ɗorawa biyar, sauran duk kore ne. Ja na farko na sa shi a kan ibadar mutanen birnin. Duniyar ƙungiya tana da gumakanta na ƙirƙira, ni kuwa ban so in ɗora su a kan mutanen da na ba su sunaye da sarautu irin namu, ban kuma so in kawo addinin gaskiya cikin wasa. Na rubuta cewa mutanen Kantu ba sa zancen ibadarsu da baƙo, na kulle. Ka lura, barin gurbi fari ba kariya ba ce, gayyata ce: duk abin da ka bari fari wani zai cike shi, sai in ka kulle farin da kansa. Ja na biyu na sa a kan sunan birnin, na uku a kan ganuwa, don kada wani ya rushe ta. Ruwan ɗorawa biyar suka tafi a kan rijiyoyi da marina. Madugu, tsohon da na fi ƙauna a duk shafin, wanda ya san hanya da taurari kuma rabin gari ke bin sa bashi, na bar shi kore, don a tunanina ba wanda zai taɓa mutumin da labari ya dogara da shi.

A ƙarshen Fabrairu aka yi wasan gwaji. Sharaɗinsa shi ne ba kai za ka jagoranta ba. Wani jagora ne zai ɗauki shafinka ɗaya, ba tare da ya yi maka tambaya ba, ya kai mutum biyar can, kai kuma ka zauna a gefe da biro, bakinka alaikum. Dalilin a fili yake: in shafin ba ya aiki sai kana wurin, to bai zama na ƙungiya ba. Na buga taswirar birnin a babbar takarda, fam 2, na kawo dabino da gyaɗa na wajen fam 4, don al'ada ce mai wuri ya ciyar da tebur. Awa uku da rabi aka yi. Marinar da na ɓata dare ina tsarawa, ko leƙa ta ba su yi ba. Suka tsaya a ƙofar gari wajen mai karɓar ushiri, mutumin da layi ɗaya kawai na rubuta a kansa, cewa yana ƙirga wuri biyar biyar da yatsu kuma ba ya kuskure. Jagoran ya zube wake a tebur yana ja biyar biyar yana ƙirgawa da ƙarfi, wata 'yar wasa ta ce jarumarta za ta sa masa baki da wasu lambobi don ya rikice. Ta jefa ƙwaya, 3 ta fito. Jagoran bai ko ɗaga kai ba ya ci gaba da ƙirga, ya ƙara mata wuri 200 kuɗin surutu. Minti 40 suka yi a ƙofar nan, tebur yana ta dariya. Da aka shiga hamada, a kwana na uku mai sihirin ruwa ya yi abinsa a ɓoye bayan raƙumi, yaron jagaba ya gan shi, sauran wasan duk ya koma kan ko za a toshe bakin yaron da kuɗi ko za a amsa laifi. Gyara biyu jagoran ya rubuto: sunayen rijiyoyi uku sun yi kama da juna a kunnen wanda ba ya jin Hausa, kuma ban faɗi nawa ne tarar kuɗin guga ba, sai da ya ƙirƙira nan take. Abin da ya ƙirƙira, zinare 5 kan kowane galan goma, shi ya zauna, tunda a tebur aka faɗe shi.

Rahoton wasa dole ya shiga kundi cikin awa 48, jagora ke rubutawa, 'yan wasa biyu su tabbatar. Bayan shi aka ba da mako ɗaya na ƙorafi, ba wanda ya yi. Kwamiti ya zauna a tsakiyar Maris, ana cikin azumi, suka kaɗa ƙuri'a uku ba hamayya, aka cire wa shafin alamar gwaji. Duk abin da na kashe daga farko zuwa nan fam 17 ne.

Mako uku bayan haka na buɗe kundi da safe na tarar an kashe Madugu. Wani tebur da ban san da tafiyarsa ba ya bi ayari, rigima ta tashi a rijiya ta biyu, wani jarumi ya harba kibiya, ƙwaya ta ba shi 20, tsoho ya faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rubuta ƙorafi a ranar. Ƙa'idar soke abin da ya faru tana da sharaɗi: a kai ƙara cikin kwana bakwai, kuma a nuna ɗaya daga cikin abu uku, ko an keta jerin haramtattun zaman share fage, ko an taɓa ja, ko an taɓa ruwan ɗorawa ba izini. Nawa bai shiga ko ɗaya ba. Kwamiti ya saurare ni minti 20, suka kira jagoran ya faɗi nasa, hukunci ya fito washegari: Madugu kore ne, mutuwarsa ta faru a gaban mutum shida, ta zauna. Abin da suka ba ni shi ne haƙƙin mai wuri na rubuta abin da ya biyo baya, cikin kwana goma, kalma 300. Na rubuta cewa masu bin sa bashi sun rufe ƙofar kudu, jagaba da babban ɗan Madugu kowa na cewa shi ne magaji, kuma ba wanda ya san hanyar rijiya ta bakwai sai wata tsohuwar baiwarsa da ta ɓace. Tebur huɗu suka nemi zuwa Kantu a watan, fiye da duk lokacin da tsohon ke da rai. Har yanzu ina ganin jagoran ya kyautu ya aiko mini da saƙo ko don ladabi, doka ba ta tilasta masa ba amma zaman tare ya fi doka faɗi. A taron shekara na Mayu na kawo shawarar a riƙa sanar da mai wuri cikin awa 24 in an kashe ɗaya daga cikin mutum ukun da ke fom ɗinsa, aka amince.

A wannan taron ne aka miƙo mini takarda ta ƙarshe, ta mallaka. Tana cewa abin da na rubuta nawa ne, ina iya sa shi a littafina ko in kai shi wata ƙungiya, amma na ba wannan ƙungiya izinin ci gaba da amfani da shi har bayan na gama karatu, ba zan janye ba. Abin da wasu suka ƙara a kai, kamar ƙirgar wake da mutuwar Madugu, nasu ne, sai da izininsu zan fita da shi. Wanda ke da niyyar buga labarinsa wata rana ya kula da abu ɗaya: a Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki wani kaso na dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai ba kowa damar amfani da su, amma akwai dodanni da wurare da ya keɓe wa kansa, saboda haka gara ka gina garinka da abin da ka ƙirƙira da hannunka. In kana da wani abu da kake ji da shi har ba ka iya ganin an taɓa, kada ka kawo shi ƙungiya sam, ajiye shi a littafinka.

Ga mai shirin bin wannan hanya, tun ranar rajista ka tambayi bugun dokokin da ake bi, da ranar zaman share fage, da inda fom yake. Kafin ka rubuta kalma ɗaya ka san mil nawa ne gida a taswira da gida nawa ne rabonka. Duk abin da garinka ya dogara da ƙarancinsa, ruwa ne ko abinci ko haske ko labari daga nesa, ka bi jerin sihirin matakin farko zuwa na uku ka ga ko akwai mai kawar da shi, yawanci akwai. Ka buga lissafin kaya da farashin littafi, ba da na tarihi ba. Ka nemi sa hannun maƙwabci kafin hutun Disamba, ka kuma ƙirga kwana 14 ɗinka. Wajen rabon launi, kada ka ɓata ja a kan abin da ba wanda ke sha'awar taɓawa. Suna da ganuwa ba sa tsokanar kowa, mutum mai bashi da sirri shi kibiya ke nema. Ana sake rabon launi sau ɗaya a shekara, a Oktoba, kuma na riga na rubuta wa mai kundi cewa a cire ja daga ganuwa a mayar da shi kan tsohuwar baiwar nan, kafin wani tebur ya gano inda take.